Henry, Henri, Enrique, Heinrich: Tambayoyi da Amsoshi Kan Asalin Sunan da Rassansa

Masu fassara labarai, ɗaliban tarihi da masu kallon ƙwallon Turai sukan yi tuntuɓe da wannan suna a sifofi dabam-dabam, har su ɗauka sunaye ne da yawa. Suna ɗaya ne, harsuna ne suka yi ta lanƙwasa shi, kuma kowace lanƙwasa tana da dalilinta.

1. Daga wane harshe sunan Henry ya fito?

Daga tsohon harshen ƙabilun Jamusawa ya fito, kakan Jamusanci da Ingilishi da harsunan Holan da Suwidin na yau. Tsohuwar sifarsa ita ce Haimirich ko Heimerich, wadda ta zama Heinrich a Jamus. Malaman coci masu rubutu da Latin suka mayar da shi Henricus, Faransawa suka ce Henri, daga bakinsu kuma ya shiga Ingila bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci ƙasar a 1066. Ke nan Henry na Turanci jika ne, ba shi ne tushe ba.

2. Mene ne ma'anarsa?

Gaɓa biyu aka haɗa. Ta farko, haim, tana nufin gida ko mazauni. Ita ce ta zama home a Ingilishi da Heim a Jamusanci, kuma tana nan a ƙarshen sunayen garuruwa irin su Birmingham da Nottingham da Mannheim da Trondheim. Ta biyu, rik, tana nufin mai mulki ko mai ƙarfi. Daga gare ta aka samu rich ta Turanci, wato mai arziki, da Reich ta Jamusanci, wato daula. Masana na ganin Jamusawan dauri sun aro ta ne daga harshen Keltawa, wasu tsofaffin ƙabilun Turai, kuma 'yar'uwar rex ce ta Latin da raja ta Indiya.

Idan aka haɗa su, fassarar da ta fi kusa ita ce "mai mulkin gida", ko kuma maigida a taƙaice. Sai dai kada a matsa wa fassarar da yawa. Tsofaffin Jamusawa suna da rumbun gaɓoɓin suna na yaƙi da mulki da daraja, kuma sau da yawa sukan ɗauko ɗaya daga sunan uba, ɗaya daga na wani dangi, su haɗa wa jariri don a san gidan da ya fito, ko ma'ana ta tashi ko ba ta tashi ba. Ga Heinrich an yi dace gaɓoɓin sun zauna da juna.

3. In asalinsa haim ne, ina m ɗin ta tafi?

Naso ne ya cinye ta. Da wasalin tsakiya ya faɗi, Heimerich ya zama Heimrich, m ta zo dab da r. Ana furta m da leɓɓa, r kuwa da bakin harshe a bayan haƙora, sai m ta matsa ta koma n, wadda muhallinta ɗaya da r. Bahaushe yana yin irin wannan kullum: yakan rubuta "gidan biki" amma ya furta "gidam biki".

Akwai kuma wani tsohon suna, Haganrich, wanda gaɓarsa ta farko ke nufin shinge ko killataccen wuri. Shi ma da ya gajarce sai ya zo kusa da Heinrich, kuma masana da dama na ganin sunayen biyu sun narke cikin juna. Shi ya sa wasu littattafan sunaye ke ba da ma'ana biyu.

4. Wane ne ya sa sunan ya bazu haka?

Sarakuna ne. Heinrich na 1, sarkin Sakson da ake yi wa laƙabi da mai tarkon tsuntsaye, ya hau gadon mulkin gabashin daular Farankawa a 919 ya rasu a 936, kuma shi ne mahaifin Otto Babba. Daga shi aka yi ta samun Heinrich a kan karagar Jamus har zuwa na 7, wanda ya rasu a 1313. A cikinsu Heinrich na 2 ya fi kowa tasiri a kan sunan: ya zama sarkin sarakunan Daular Rum Mai Tsarki a 1014, ya rasu a 1024, cocin Katolika kuma ta sa shi cikin waliyyanta a 1146. Daga nan sunan ya zama na baftisma, talakawa suka rungume shi.

Auren sarauta ya kai shi ƙetare. 'Yar Heinrich na 1, Hedwig, ita ce mahaifiyar Hugh Capet wanda ya kafa gidan sarautar Faransa, kuma jikan Hugh shi ne Henri na 1, wanda ya yi mulki daga 1031 zuwa 1060. Faransa ta yi sarakuna 4 masu wannan suna, Kastil ta ƙasar Sifaniya ta yi 4, Ingila ta yi 8, daga Henry na 1 a 1100 har Henry na 8 da ya rasu a 1547.

Yawan sunan ya kai har ya shiga karin magana. Bajamushe in zai ce kowa da kowa, ya-ku-bayi, sai ya ce "Hinz und Kunz", wato Heinrich da Konrad a gajarce. Bature ma yana da "Tom, Dick and Harry" da wannan ma'ana.

5. Me ya sa wasu sifofin ke ƙarewa da ch, wasu da k, wasu kuma ba komai?

Asali k ce. A kudancin Jamus an yi wani babban sauyin furuci kafin ƙarni na 9, inda k da ke bayan wasali ta zama ch. Shi ya sa Baturen Ingila ke cewa make, na Holan maken, Bajamushe kuma machen. Sauyin bai kai arewa ba. Don haka kudu ta samu Heinrich, arewacin Jamus ta riƙe Hinrik, Holan ta riƙe Hendrik, ƙasashen Denmak da Norwe da Suwidin suka riƙe Henrik, Polan kuma Henryk.

Faransanci kuwa harshe ne mai zubar da baƙaƙen ƙarshe. Yadda amicus ta Latin ta koma ami, haka Henricus ya koma Henri. Italiyanci da Sifaniyanci ba su zubar ba, sai suka jingina wa k ɗin wasali: Enrico da Enrique. Harshen Katalan na yankin Barcelona ya tsaya a tsakiya da Enric. A lura, qu ta Enrique da Henrique k ce zalla, ba a furta u.

6. Ina H ɗin Enrico da Enrique?

Harsunan da suka fito daga Latin sun daina furta h tun da daɗewa. Italiyawa da Sifaniyawa suka cire ta daga rubutun sunan gaba ɗaya. Mutanen Fotugal da Birazil sun bar ta a takarda, Henrique, amma ba sa furta ta. Faransawa ma haka: sun taɓa furta ta a kalmomin da suka aro daga Jamusawa, yanzu ta yi shiru, shi ya sa har yau ake ganin "de Henri" da "d'Henri" duka biyu a rubutunsu.

Hausa ta bi akasin wannan hanya a wasu sunaye, ta ƙara h inda babu: Abu ya zama Habu. Rashanci kuma, da yake ba shi da h irin ta Jamusanci, ya saba musanya ta da g, sai sunan ya zama Genrikh. Rashawa suna bambanta mutum da ƙasarsa: Bajamushe da sarakunan tarihi Genrikh ne, Baturen Ingila na zamani Genri, Bafaranshe kuma Anri.

7. To d ɗin da ke cikin Hendrik da Henderson daga ina ta zo?

Saƙala ta aka yi. Tsakanin n da r akwai ɗan tsalle da harshe ke yi: hanci yana rufewa kafin r ta fara, a wannan ɗan taƙi sai d ta fito da kanta. A gwada furta "Henri" da sauri sau biyar, za a ji ta. Wasu harsuna sun rubuta abin da suke ji. Holan ta samu Hendrik, Sukotlan ta samu Hendry da Henderson, harshen Cek ya samu Jindřich, Istoniya Indrek, Latbiya kuma Indriķis. Duk inda aka ga ndr a irin waɗannan sunaye, a cire d a duba abin da ya saura.

8. Harry da Henry suna ɗaya ne?

Ɗaya ne a asali, kuma Harry ba sabon laƙabi ba ne. Shi ne yadda mutanen Ingila na tsakiyar zamani ke furta sunan a baki, Henry kuma na takarda. Matakai biyu aka bi. Na farko, n ta nashe cikin r, Henry ya zama Herry, kamar yadda Ɗanladi kan koma Ɗalladi a bakin mutane. Na biyu, er ta Ingilishi ta buɗe ta zama ar, sauyin da ya sa har gobe ake rubuta Derby a furta Dabi. Italiyanci ya yi mataki irin na farko da kansa, ya samar da tsohuwar sifa Arrigo.

A yau abin ya kasu uku. Akwai wanda sunansa na yanka Henry ne ana kiransa Harry, kamar ɗan Sarki Charles na 3, wanda aka haifa a 1984 aka raɗa masa Henry Charles Albert David. Akwai wanda Harry ɗin ne sunansa na takarda, kamar tsohon shugaban Amurka Harry Truman. Akwai kuma wanda ya gajarce Harold ko Harrison ya zama Harry. Harold suna ne dabam (duba tambaya ta 12), don haka kada mai fassara ya mayar da kowane Harry zuwa Henry sai ya tabbatar.

9. Waɗanne ne sauran gajerun sifofin?

Jamus ce ta fi yawa: Heinz, Hinz, Heiner, Heiko, Henning. Holan na da Henk da Rik. Sifaniyawa na cewa Quique, su furta Kike. Finlan na da Heikki, wanda ya samu gindin zama saboda Bishop Henrik na ƙarni na 12, waliyyin ƙasar, da ake tunawa da shi ranar 19 ga Janairu. Ingilishi na da Hal, Amurka kuma Hank. Shi Hank akwai gardama a kansa, domin a Ingila ta da Hankin laƙabin John ne, kuma ana ganin Henk na 'yan Holan da suka zauna a New York ya taimaka wajen jingina shi ga Henry.

Wannan yawan bai kamata ya ba Bahaushe mamaki ba. Abubakar shi ne Habu, shi ne Buba, shi ne Bukar, shi ne Garba. Sunan da ya yi yawa a gari dole a yi masa rassa don a bambanta masu shi.

10. Akwai na mata?

Akwai, kuma yawancinsu ta Faransanci suka biyo. Henriette ita ce uwa. Ta shiga Ingila sosai a 1625, lokacin da Henriette Marie, 'yar Henri na 4 na Faransa, ta auri Charles na 1. Turawan Ingila suka rubuta Henrietta, a baki kuma suka ce Harriet, daidai da yadda Henry ya zama Harry (tambaya ta 8). Sauran su ne Enrica a Italiya, Enriqueta a Sifaniya, Henrike a Jamus, Hendrika a Holan, Henryka a Polan. Gajerunsu sun haɗa da Hattie da Hetty da Etta.

11. Me ya sa Henry yake zama sunan dangi, kamar na Thierry Henry?

Domin yawancin sunayen dangi na Turai daga sunan uba suka faro, kamar yadda ake cewa Musa ɗan Audu, sai daga baya suka daskare suka bi zuriya. Wani wuri an bar sunan uban haka nan, shi ne Henry a Faransa, inda y tsohuwar hanyar rubutu ce kawai. Wani wuri an liƙa masa alamar "ɗan". Ingilishi na da Harrison da Harris, Sukotlan Henderson, Denmak da Norwe Henriksen, Suwidin Henriksson, Holan Hendriks, Sifaniya Enríquez, Fotugal Henriques, Finlan Heikkinen. Normandawa sukan sa Fitz a gaba, Fitzhenry. A Wales "ap" ce ke nufin ɗan, sai ap Harry ya haɗe ya zama Parry, ap Henry ya zama Penry.

Sarkin Fotugal na farko misali ne mai kyau na lokacin da abin bai daskare ba tukuna: Afonso Henriques, wato Afonso ɗan Henrique, kuma mahaifinsa Henrique ne da gaske, basarake daga Burgundi. Shi kuwa Thierry Henry, tsohon ɗan ƙwallon Arsenal, sunayensa biyu duk suna ɗauke da rik, domin Thierry sifar Faransanci ce ta Theodoric, "mai mulkin jama'a". Haka ma wanda ya kafa kamfanin Heinz a Amurka, Henry John Heinz, suna ɗaya ya ɗauka sau biyu, na gaba da Turanci, na baya da Jamusanci.

12. Waɗanne sunaye ne ke kama da shi amma ba danginsa ba ne?

Eric ne ya fi ruɗar mutane. Gaɓarsa ta biyu rik ce, amma ta farko dabam ce, daga tsohon harshen Sikandinabiya Eiríkr. Haka Friedrich da Dietrich da Ulrich, duk wutsiya ɗaya, kai dabam. Richard ma yana da rik, sai dai a gaba ya sa ta. Waɗannan 'yan'uwa ne ta gefe guda kawai.

Harold daga kalmomin runduna da iko yake. Hans gajeren Johannes ne, wato Yahaya ko Yohanna, tushensa Ibrananci. Haruna kuwa ba abin da ya haɗa shi da Harry sai kamar sauti. Enzo na Italiya yana da fuska biyu: ɗan sarkin sarakuna Friedrich na 2 da ake kira Enzo, Heinz ne aka Italiyantar, amma Enzo na yau sau da yawa gajeren Vincenzo ko Lorenzo ne.

13. Da gaske ne sunan Amurka daga nan ya samo asali?

A yi hattara da wannan magana. Abin da ya tabbata shi ne a 1507 mai zanen taswira Martin Waldseemüller ya sa wa sabuwar nahiyar suna America don girmama Amerigo Vespucci, kuma Amerigo sifar Italiyanci ce ta sunan Jamusawa Emmerich. Gaɓar ƙarshe rik ce ba shakka. Gaɓar farko ce ake saɓani a kanta: wasu sun ce amal ce, mai nufin himma ko aiki, wasu sun ce ermen, mai nufin babba ko gama-gari, wasu kuma haim. Mai yiwuwa sunaye biyu ko uku ne suka cakuɗe, irin abin da aka gani a tambaya ta 3.

Masu goyon bayan haim sukan kawo Yarima Imre na Hangari, wanda ya rasu a 1031. Da Latin Emericus ake ce masa, mahaifiyarsa Gisela kuma 'yar'uwar Heinrich na 2 ce, ana ganin sunan kawunsa ya ci. Hujja ce mai kyau, amma ba ta isa a ce Amurka na nufin "ƙasar Henry" ba. Abin da za a rubuta ba tare da kuskure ba shi ne sunayen biyu suna tarayya a gaɓar ƙarshe.

14. Sunan addini ne?

Ba ya cikin Littafi Mai Tsarki na Kirista, ba kuma sunan annabi ko manzo ba ne. Salon ginin sa na zamanin da Jamusawa ba su karɓi Kiristanci ba ne, amma ba ya ɗauke da sunan wani gunki, gida da mulki kawai ke ciki. Launin coci ya same shi daga baya ta hanyar waliyyai, kamar yadda aka bayyana a tambaya ta 4, kuma Katolika na bikin Heinrich na 2 ranar 13 ga Yuli. Ta hannun 'yan mishan da Turawan mulki ya iso Afirka ta Yamma, shi ya sa ake samun Henry a Najeriya da Ghana, Henri kuma a ƙasashen renon Faransa, kamar Henri Konan Bédié da ya shugabanci Kodebuwa daga 1993 zuwa 1999.

15. Akwai masu wannan suna a tarihin ƙasar Hausa?

Mafi shahara shi ne Heinrich Barth, Bajamushe ɗan Hamburg da aka haifa a 1821. Ya sauka Agadas a 1850, ya bi ta Katsina ya shiga Kano a watan Fabrairu na 1851, daga baya ya ratsa Damagaram da Sakkwato da Gwandu har Tambutu, ya koma Turai a 1855. Ya ji Hausa, kuma a tafiyarsa Abdul Karim yake kiran kansa. Ɗalibi zai gamu da shi da suna huɗu: Heinrich a rubutun Jamusanci, Henry a bugun Turanci na littafin tafiyarsa, Henri a na Faransanci, sai Abdul Karim. Na ƙarshen ba fassarar sauran ba ne, suna ne da ya zaɓa don zama cikin Musulmi.

Daga baya akwai Sir Henry Hesketh Bell, gwamnan Arewacin Najeriya daga 1909 zuwa 1912, da Sir Henry Willink wanda ya jagoranci kwamitin binciken koke-koken ƙananan ƙabilu a 1957 zuwa 1958.

16. Yaya ake furta kowace sifa, kuma yaya za a rubuta ta a Hausa?

Heinrich ana furta shi Hain-rih, ei ta Jamusanci ai ce, ch ɗin ƙarshe kuma sauti ne mai laushi tsakanin h da sh. Henri na Faransa An-ri ne, a ɗin ta hanci, r ɗin daga maƙogwaro. Enrique En-ri-ke, da r mai kaɗawa, nauyin murya a kan ri. Enrico En-ri-ko. Henrique a Birazil kusan En-hi-ki yake fita, domin r ɗinsu a wannan muhalli ta koma kamar h. Jindřich da y yake farawa, j ta harshen Cek y ce.

A rubutu, shawararmu ita ce a bar wa mutumin zamani sunansa yadda yake a takardunsa. Luis Enrique ba ya zama Luis Henry don labarin da Turanci aka samo shi. Sarakunan da ne ke da matsala, domin kowace ƙasa tana fassara su: Henry na 8 na Ingila shi ne Enrique a littafin Sifaniyanci, Heinrich a na Jamusanci, Henri a na Faransanci. Mai fassara zuwa Hausa ya fi dacewa ya ba kowane sarki sifar ƙasarsa, ya haɗa da lamba da ƙasa, saboda Henry na 4 kaɗai mutum huɗu ne: na Jamus da ya je neman gafarar Fafaroma a Canossa a 1077, na Ingila da ya hau mulki a 1399, na Kastil a ƙarni na 15, da na Faransa da aka kashe a 1610.

17. Ina bin sawun mutum ɗaya a tsofaffin takardu, sunansa na ta canzawa. Yaya zan gane shi ne?

A fara da harshen takardar, ba ƙasar mutumin ba. Rajistar cocin Katolika ta da da Latin ake cika ta, don haka Heinrich da Henri da Henryk duk Henricus za a gani, kuma ƙarshen kan sauya bisa nahawu: Henrici na nufin "na Henricus", galibi sunan uba ke nan, ba wani mutum dabam ba. Takardun Ingila sukan gajarce shi zuwa Hy ko Hen. Sannan a duba ko mutumin ya yi ƙaura, domin masu shiga Amurka da yawa sun Turantar da sunansu. Henry Kissinger an haife shi Heinz a garin Fürth a 1923, sai bayan iyalinsa sun isa Amurka a 1938 ya zama Henry. Mai ƙera fiyano Heinrich Steinweg ma haka ya koma Henry Steinway.

Bayan haka a daina dogara da sunan, a koma ga ranar haihuwa da sunan uwa da na gari, domin gida ɗaya kan maimaita shi a kowane tsatso. Wanda ya fi kowa wahalar da masu bincike shi ne gidan sarautar Reuss na tsakiyar Jamus, inda tun wajen ƙarni na 12 zuwa na 13 kowane ɗa namiji Heinrich ake raɗa masa. Lamba suke ba su bisa jerin haihuwa a cikin dangi, ba bisa hawa gadon sarauta ba, kuma ƙaramin reshen gidan yakan sake ƙirga daga 1 a farkon kowane ƙarni. Shi ya sa aka yi Heinrich na 72, wanda aka haifa a 1797, alhali mahaifinsa Heinrich na 51 ne.